Ranar da Na Ciji Hulata

Ni dai sau ɗaya na taɓa shiga aji, ranar da iska ta kayar da bishiya kan rufin makaranta aka kira ni in cire ta. Ta sama na shiga, ta taga na fita. Karatuna ke nan, kuma ya ishe ni, domin tun gashina yana baƙi har ya yi fari har ya zube, saran bishiya ne sana'ata, kuma garin nan kaf ba a yi wanda ya kama ƙafata ba. In wani ya ce maka an yi, ka tambaye shi ko ya taɓa hawa abin da ya fi gadonsa tsawo.

Mutuwa ta san ni, na san ta. Na taɓa faɗowa daga ƙololuwar bishiyar turare na sauka kan kejin kaji, kajin suka mutu, ni na tashi na karkaɗe wando. Zuma ta taɓa rufe ni a sama har matata ta kasa gane ni sai da na yi magana. Reshe ya karya min kafaɗa, gatari ya tafi da yatsana ɗaya da rabi. Akwai ranar da aka lulluɓe ni da zane a asibiti har an aika gida, na yaye zanen na ce a ba ni ruwa. Ma'aikaciyar jinyar nan har yau in ta hango ni sai ta sauya hanya.

Amma abin da aka fi sanina da shi murya ce, shi ya sa ake ce min Tsawa. A aikinmu wanda ke sama ba ya ganin na ƙasa sosai, masu riƙe da igiya kuma ba sa ganin bakin yanka. Sai mutum ɗaya ya tsaya inda yake ganin kowa, shi zai ce a ja, shi zai ce a saki, shi zai ce a gudu. Ran kowa yana bakinsa. Ni in na ce a ja, har matan da ke wanki a bayan gari sai su ja bokitinsu.

Da gwiwoyina suka ƙi, ido ya fara nuna min reshe ɗaya kamar biyu, tsohuwata, wato matata, kuma ta ɓoye min gatari a inda har yau ban gano ba, sai na duba wanda zan bar wa aikin. 'Ya'yana maza duk sun tsere, ɗaya yana tuƙin mota, ɗaya yana sayar da takalma, wai su ba birai ba ne. Wanda ya tsaya shi ne ɗan ƙanwata. A hannuna ya girma, yanzu shi ma magidanci ne da iyali. Ƙullin da zai yi wa igiya ko giwa ba ta tsinke shi, amma in an gama aiki da yatsa biyu ake warwarewa. Kallo ɗaya zai yi wa bishiya ya san inda nauyinta ya kwanta. Aibinsa guda ne, in'ina. Ba 'yar kaɗan ɗin nan ba. Kalma takan maƙale masa, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe rabi, kai mai sauraro har ka ji naka numfashin yana sarƙewa. Abokan aiki suka sa masa Sai-Gobe. Ni kuwa tun yana ƙarami na saba, da ya ɗauko magana nake ƙarasa masa, don in rage masa wahala.

Na tara abokan aiki na ce daga yau shi ne maigida. Ni kuwa ba a musu da ni. Amma ba a jima ba Kurege ya same ni a ƙofar gida. Kurege shi ne mai hawanmu, ɗan siriri, baki kamar reza, amma a sama ko ni a ƙuruciyata da kaɗan na fi shi.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi, "amma ni ke sama. In reshe ya juyo kaina, kafin Sai-Gobe ya gama cewa in kauce, an gama yi wa matata gaisuwa."

Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Ya ce, "Tana hana dawowa, Baba."

Akwai wasu masu sara a ƙetaren gada da ke da motar ɗaga kaya, sun daɗe suna zawarcinsa. Na san in Kurege ya tafi sauran ma binsa za su yi, domin masu sara in ba mai hawa, 'yan kallo ne riƙe da igiya. Ɗan ƙanwata zai wayi gari maigida ne na gatari da zarto kawai. Don haka na fara bin su wurin aiki da kujerata. Yaron ya buɗe baki, ni in faɗa. Aiki ya riƙa tafiya sumul, Kurege ya daina maganar ƙetaren gada, ni kuma na ji jini ya dawo min jiki. Tsohuwata ce kaɗai ba ta yaba ba.

"Ka ba yaro riga, ka ƙi fita daga cikinta," in ji ta.

Na ce mata me mace ta sani game da itace ban da hura wuta. Ta ce ta san wanda ya bushe.

Ana nan sai maganar madacin lungun Gwaggo mai ɗinki ta taso. Wanda bai ga madacin nan ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ni da na kayar da bishiyoyin da in an jera su za su kai mutum wata ƙasa, in na zo wucewa ta ƙarƙashinsa sai in ji na rage murya ba tare da wani ya sa ni ba. Gindinsa ya fi ɗakin kwanana faɗi. Unguwar ce ta same shi a wurin, aka yi gine-gine ana raɓe masa kamar 'ya'yan kaji da uwarsu. Da rana tsaka lungun duhu-duhu yake, da sanyi kamar bakin rijiya. A ƙarƙashinsa mai faci yake aiki, a nan mai burodi yake ajiye kurarsa, a nan tsofaffi ke gardamar da ba ta ƙarewa.

Bana aka yi ruwa mai yawa, sai babban reshensa ya tsage daga inda ya haɗu da uwar. Reshen nan shi kaɗai ya fi wasu bishiyoyin da ake kira bishiya, kuma a kan gidan Gwaggo ya miƙe. Gwaggo tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗaki biyu gare ta, ɗaya na kwana ɗaya na keken ɗinki, kuma kusan duk wanda ke unguwar ya taɓa sa rigar da ta ɗinka. Ta ce da iska ta kaɗa sai ta ji reshen yana nishi kamar mara lafiya. Mutanen unguwa suka zauna suka ce a sauke shi kafin ya sauke kansa. Motar 'yan ƙetaren gada ba ta shiga lungun, don haka aka zo wurinmu.

Da muka je dubawa, Kurege ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗa a gaban kowa: "Zan hau, amma sai Baba yana wurin. Kuma ku ji da kyau, duk ranar da babu Baba, babu ni."

Ɗan ƙanwata ya ji. Ya dai ci gaba da zagaya gindin bishiyar yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari.

Kwanakin da suka biyo baya sai na ji labari wai yana bin unguwar gida-gida. Na yi dariya har da tari. Mutumin da gaisuwa kaɗai ke cinye masa hantsi, me zai je faɗa? Ashe ba faɗa yake zuwa yi ba. Mai faci ya ce min tambaya ɗaya yake yi, gajeriya, sai ya zauna ya zuba maka ido, kai kuma ka yi ta zuba har abin da ba ka yi niyya ba. A haka ya san gidan da ke da mara lafiyar da ba ya iya tashi da sauri, da katangar da ruwa ya ci gindinta, da yaran da ba sa jin kira.

Ana gobe aikin, da la'asar, ya zo gidana. Ina kan tabarma ina shan shayi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gai da tsohuwata da ke tsintar shinkafa a bakin ɗakin girki.

"K-k-kawu, gobe ina so ka z-z..."

"In zo. Ai zan zo, wa ya isa ya hana ni?"

Ya girgiza kai. "B-ban g-gama ba."

Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ce min haka ba. Na ajiye kofin.

"Ka zo. Ka z-zauna inda za su g-gan ka. Amma k-k-kada ka yi magana."

Na dube shi sama da ƙasa. Yaron da na koya wa ɗaurin wando.

"In abu ya lalace fa?"

"K-ko ya lalace."

"In na ga mutuwa tana saukowa kan Kurege da idona?"

Ya daɗe kafin ya amsa, kuma wannan karon ba in'inar ce ta riƙe shi ba. "In ka yi magana g-gobe, Kawu, to sai ka ci gaba da yi har r-ranar da ba ka nan. R-ranar nan kuwa ba su da k-kowa."

Daga bakin ɗakin girki tsohuwata ta ce, "To, ka ji abin da ni mai lafiyar baki na kasa fahimtar da kai."

Na yi alkawari. Ban yi don na yarda ba, na yi ne don in nuna musu cewa ba abin da ya gagare ni, har da shiru. Ni kuwa ko da ɓarawo na yi alkawari ina cikawa.

Da safe da na isa lungun ban gane shi ba. An lulluɓe rufin Gwaggo da tsofaffin katifu, an jera tayoyin mai faci a tsakiyar lungu inda reshen zai sauka. An ja layi da toka a ƙasa, jama'a duk suna bayansa, mata sun riƙe yara. Mai burodi ya tare bakin lungu da kurarsa yana korar masu babur. An fito da keken ɗinkin Gwaggo an ajiye a inuwar wani shago, ita kuma tana zaune kusa da shi hannunta a kansa, kamar mai jinya. An ajiye min kujera a gefe, inda kowa zai gan ni. Na zauna na harɗe ƙafa.

Sai na ga wani abu da ban taɓa yi ba a duk shekaruna. Ɗan ƙanwata ya tara abokan aikin a gindin bishiya, maimakon ya gaya musu abin da za su yi, sai ya nuna Tanka da yatsa. Tanka shi ne mai riƙe babbar igiya, ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai a kunna fitila.

"K-kai, me za ka yi?"

Tanka ya waiwayo ya dube ni. Na kalli sama. Ya sosa ƙeya, sannan ya fara bayani: babbar igiya za a ɗaura a tsakiyar reshen, ta haura ta kan wani reshe da ke sama, ta sauko ya naɗa ta a gindin mangwaron can, daga nan zai riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. Shekara da shekaru Tanka yana hannuna, ban san yana da magana mai tsawo haka a cikinsa ba. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙaramar igiya, wadda aka ɗaura a can ƙarshen reshen don a karkata shi, suka faɗi nasu. Kurege ya faɗi inda zai tsaya da inda zai fara yanka. Inda wani ya yi kuskure, kafin maigidan ya buɗe baki wani ya gyara masa. Suka kuma yi shawarar alamun hannu, tunda in inji yana kuka ba a jin magana.

Kurege ya hau, ya ɗaure kansa da uwar bishiyar, aka aika masa injin yanka da igiya. Aka fara da ƙananan rassa. Suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana sauke jarirai daga mota. Ba ihu, ba zagi. Hannu ya ɗaga, a tsaya. Hannu ya sauka, a sassauta. Ni ina kan kujera maganganu suna taruwa min a ƙirji kamar ruwa a bayan madatsa. Na ga abin da zan faɗa ya fi a ƙirga, amma duk wanda na ɗauko sai in ga an riga an yi shi.

Wajen azahar aka zo kan babban. Inji ya shiga, garin katako yana zubowa ja kamar ƙasa. Sai na ga garin ya sauya, ya koma baƙi-baƙi. Na san ma'anarsa: gara ta cinye cikin reshen, kogo ne. Ko rabin yanka ba a yi ba aka ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Reshen ya karye tun lokacinsa bai yi ba. Ƙarshensa ya yi ƙasa har ganyen ya shafi katifun rufin Gwaggo, gindinsa kuma ya dawo baya ya daki uwar bishiyar, ya danne ƙafar Kurege. Injin ya suɓuce ya mutu yana lilo. Igiyar Tanka ta miƙe har tana kuka, ɓawon mangwaron yana hayaƙi, amma ya riƙe.

Ga reshe mai nauyin babbar mota a rataye da igiya ɗaya, ga gida a ƙarƙashinsa, ga mutum a maƙale a sama. Ba wata alamar hannu da aka shirya wa wannan.

Duk lungun ya juyo ya dube ni. Tanka, masu ƙaramar igiya, mata, tsofaffi, har Gwaggo. Daga sama Kurege ya kira, muryarsa ta zama ta yaro: "Baba! Baba, me zan yi?"

Na san abin da zan ce. Kalma ɗaya ce, a saki. Reshen ya faɗa kan gidan, ɗakunan Gwaggo su zama tarihi, Kurege kuma wataƙila ƙafar ta fita, wataƙila ta bi reshen. Haka aka koya min, haka na yi a baya, kuma da na faɗa ba mahaluƙin da zai zarge ni. Kalmar ta taso tun daga cibiyata, ta cika min ƙirji, ta iso bayan haƙora. Ban san lokacin da na cire hulata na cusa a baki na cije ba.

Na yi kokawa da abubuwa a duniya. Ban taɓa kokawa da abin da ya kai wannan ƙarfi ba.

Da suka ga Tsawa da hula a baki, sai idanu suka rasa wurin zuwa. A nan ɗan ƙanwata ya tako, ba gudu ba, ya tsaya a fili inda Kurege zai gan shi, kusan ƙarƙashin reshen. Ya ɗaga kai ya buɗe baki. Kalmar ta maƙale.

"K-k-k..."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Igiya tana kuka. Wani busasshen ɓawo ya faɗo kusa da ƙafarsa, bai ko duba ba. Ni kuwa abin da na gani a lokacin nan shi ne ya sa nake ba da wannan labari. Lungun nan cike yake da mutane, masu surutu, masu gardama, matan da ba a taɓa cin su a faɗa ba, yaran da ba sa jin kira. Ba wanda ya yi tari. Ba wanda ya ce masa yi sauri, ba wanda ya ƙarasa masa. Unguwa guda ta riƙe numfashi tana jiran kalma ɗaya ta fito daga bakin mutum ɗaya. Har kukan tattabarun wani gida can nesa ina ji. Na shiga dazuzzukan da ba a taɓa sa musu gatari ba, ban ji shiru mai nauyin wannan ba. 

Kuma ina kallon idonsa. Bakin ne ya tsaya, idon bai tsaya ba. Yana bin igiya, yana bin reshe, ya je rufi ya dawo. Ashe duk shekarun nan da nake ƙarasa masa magana, a wannan ɗan tsakanin yake aikinsa.

"K-kurege. K-kalle ni. Ƙafar, ta w-wane gefe?"

Kurege ya duba ƙasa da kansa. Da ya amsa, muryarsa ta fara dawowa. "Ta gefen dama. Idon sawu ya danne. Bai karye ba tukuna."

"In g-gindin ya m-matsa hagu?"

"Zan zare."

Ɗan ƙanwata ya juya wajen Tanka ya dunƙule hannu, wato ya riƙe kada ya motsa. Sannan ya nuna wa masu ƙaramar igiya bakin lungu. Nan na gane dabarar: reshen a tsakiya yake rataye, in aka ja ƙarshensa zuwa lungu, gindin zai juya ya bar ƙafar, kuma ƙarshen zai bar kan rufin. Amma mutum biyu ne a igiyar. Suka ja har ƙafafunsu suna zamewa, reshen ko gezau.

Sai ya juya ya fuskanci jama'ar da ke bayan layin toka. Ya ɗauki jelar igiyar ya ɗaga ta sama.

"Ku z-z-zo."

Mai faci ne ya fara tsallake tokar. Sai bakanike, sai mai burodi ya bar kurarsa, sai mahauci da wuƙarsa a ƙugu, sai wani malamin makaranta da farar riga, sai mata suka ɗaure zane suka shigo. Igiyar ta cika da hannuwa har bakin titi. Gwaggo ta bar kekenta ta kama can ƙarshe. Ni ma na tashi, hula a baki, gwiwoyin da suka ƙi ni shekaru suka kai ni. Ba na cewa ni kaɗai na jawo shi, amma kowa ya shaida sai da na sa hannu ya motsa.

Bai bar mu mu fizga ba. Ya tsaya a gabanmu, ya ɗaga hannu, ya ja da baya taku ɗaya, mu ma muka yi taku ɗaya. Ya tsaya, muka tsaya. Ya duba sama, ya sake ja da baya. Haka muka riƙa tafiya kamar jiki ɗaya mai ƙafafu da yawa, ba ka jin komai sai numfashi da kukan itace. Reshen nan ya fara juyawa a sararin sama, a hankali, da ganyensa da komai, kamar jirgin ruwa yana barin gaɓa. Inuwarsa ta zame daga kan rufin Gwaggo ta sauko lungu.

Daga sama Kurege ya ce, "Ta fita."

Sannan ɗan ƙanwata ya buɗe wa Tanka tafin hannu, Tanka ya fara sassautawa. Reshen ya sauko ya kwanta kan tayoyin, ƙasa ta amsa har cikin haƙorana. Ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Rana ta faɗo cikin lungun ta inda reshen yake a da, ta shiga har ɗakin ɗinkin Gwaggo, inda ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa zura zare a allura ba sai da fitila. Mutane suka tsaya suna ƙifta ido suna kallon bangayen gidajensu kamar baƙi. Sai can wata mata ta fashe da kuka, sannan surutu ya dawo gaba ɗaya.

Na ciro hulata. Haƙorana, waɗanda suka rage, sun huda ta.

Aka sauko da Kurege da igiya, idon sawunsa ya kumbura kamar tulu. Yana ɗingishi ya nufo inda muke. Na gyara tsayuwa, na shirya abin da zan ce masa. Ya zo daidai ni ya ce, "Sannu Baba," ya wuce. Ya je ya zauna a ƙasa kusa da ɗan ƙanwata, wanda ke naɗe igiya.

"Maigida," in ji Kurege, "wancan reshen na bayan shago ma ban yarda da shi ba. Ya kake gani?"

Ɗan ƙanwata ya ɗaga kai ya duba, ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Kurege ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya jingina da taya, ya jira.

Na kwana biyu maƙogwarona yana ciwo kamar na haɗiyi ƙaya. Duk wanda ya zo gaishe ni na gaya masa gaskiya, cewa a tarihin saran bishiya ba a taɓa yin shiru irin nawa ba, kuma ni na raini yaron, ni na zaɓe shi lokacin da kowa ke dariya. Ba wanda ya musa.

Da ƙafar Kurege ta yi sauƙi, wata safiya ina zaune a ƙofar gida na ji ƙarar tsohuwar motarsu ta kaya. A da a nan suke tsayawa a ɗora kujerata. Na ga ɗan ƙanwata a gaba kusa da direba, Tanka a baya ya cika rabin motar, Kurege a can saman tulin igiyoyi da ƙafa a naɗe, yana ba da wani labari da hannu biyu. Suka ɗaga min hannu, na ɗaga musu. Motar ba ta rage gudu ba.

Tsohuwata ta fito da shayi ta ajiye min. "Yau ba za ka bi su ba?"

Na ce ƙafata ke ciwo.

Ta ce, "Wacce daga ciki?"

Na ci gaba da kallonsu har suka sha kwana.